Sharhi a Kan Kalmomin Ingilishi Masu Bayyana Faɗuwar Gangan a Wasanni

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke koyon fassara daga Ingilishi zuwa Hausa yakan ɗauka cewa labarin wasanni shi ne mafi sauƙi a cikin ayyukan da za a ba shi: an buga, an ci, an tashi. Wannan takarda ta ɗauki wani ɗan ƙaramin yanki na wannan fage domin a ga cewa sauƙin na ganin ido ne. Yankin kuwa shi ne kalmomi da salon maganar da masu Ingilishi ke amfani da su idan ɗan wasa ya zube ƙasa alhali ba wanda ya kayar da shi, ko kuma an taɓa shi amma taɓawar ba ta kai ta kayarwa ba, yana neman alƙalin wasa ya ba shi bugun tazara ko fenariti, ko kuma a kori abokin karawarsa.

Abin da takardar ke son nunawa shi ne, kusan duk waɗannan kalmomi hukunci suke yankewa a kan ɗan wasan, wasu su kama shi da laifi, wasu kuma su wanke shi, ko da yake faɗuwar iri ɗaya ce. Mai fassarar da ya kawo labarin faɗuwar ya bar hukuncin a baya, rabin aiki ya yi. An bar kalmomin Ingilishin a yadda ake rubuta su, tun da su ne abin nazari.

2.0 Kalmar "dive" da harshen damonta

Kalmar da ta fi kowace yawo a bakin 'yan kallon ƙwallon ƙafa a Birtaniya ita ce "dive". Asalin ma'anarta shi ne mutum ya daka tsalle ya tsunduma cikin ruwa da ka, hannuwa a miƙe. Ke nan siffantawa ce aka yi, an mai da filin wasa tafki, ɗan wasa kuma mai nutso. Ƙarfin wannan siffantawa yana cikin abu guda, wato niyya. Mutum yana iya faɗawa ruwa bisa tsautsayi, amma ba ya yin "dive" bisa tsautsayi. Saboda haka idan mai sharhi ya ce "he fell", ya faɗi abin da ido ya gani ne kurum. Idan kuwa ya ce "he dived", to da gaɓa ɗaya tak ya shiga zuciyar ɗan wasan ya fito da abin da ya ƙudurta. Ta fuskar taƙaita magana, da wuya a sami kalmar da ta fi ta.

Da zarar an buɗe wannan ƙofa ta ruwa, sai sauran kayan tafki su biyo baya. Ana kiran mai yawan yi "diver". 'Yan kallo sukan ɗaga kwali mai lamba 9 ko 10 kamar alƙalan gasar nutso, kuma a shekarun da Tom Daley ke wakiltar Birtaniya a wannan gasa, sunansa ya zama abin zolayar duk ɗan ƙwallon da ya zube. Wasu harsunan Turai ma ruwan suka nufa: masu Sifaniyanci suna cewa "piscinazo", daga kalmarsu ta wurin iyo, masu Italiyanci "tuffo", masu Faransanci kuma "plonger". Jamusawa ne suka dubi sama, suka ce "Schwalbe", wato tsattsewa, tsuntsuwar nan da ke ware fukafukai ta yi ƙasa-ƙasa kamar za ta daki ƙasa. A 1995 Andreas Möller na Borussia Dortmund ya zube a wasansu da Karlsruhe ba tare da an taɓa shi ba, da aka tsare shi da tambaya sai ya ƙirƙiro "Schutzschwalbe", ma'ana tsattsewar kare kai. Hukumar ƙwallon Jamus ba ta karɓi ƙirƙirar ba, ta dakatar da shi wasa 2.

Sai dai kalmar tana da harshen damo, kuma a nan ɗalibi ya fi yin tuntuɓe. A dubi waɗannan jimloli:

1. The keeper dived to his left.
2. He scored with a diving header.
3. The defender dived in.
4. The striker dived.
5. The boxer took a dive.

A jimla ta 1 mai tsaron gida ne ya yi tsalle hagu don tare ƙwallo, aikinsa ke nan. A ta 2 yabo ne, ɗan wasa ya yi sufa ya sa kai ya ci. A ta 3 mai tsaron baya ne ya afka wa abokin karawa da garaje, laifinsa rashin haƙuri ne, babu maganar yaudara. Ta 4 kaɗai ce ke nufin faɗuwar gangan don neman fenariti. Ta 5 kuwa ta juya ma'anar gaba ɗaya: a damben zamani, musamman a Amurka, wanda ya yi "take a dive" ya kwanta ne domin a ci shi, galibi saboda an saye shi da kuɗin 'yan caca. Zargin da aka yi wa Sonny Liston ke nan a 1965, lokacin da ya faɗi a turmin farko na karawarsa ta biyu da Muhammad Ali, da wani naushi da 'yan kallo da yawa suka ce ba su gani ba. Ɗan ƙwallo yana faɗuwa don ya ci, ɗan dambe yana faɗuwa don ya sha kaye, kalmar kuma ɗaya ce.

Wanda ya fi kowa haɗa sunansa da wannan kalma a Ingila shi ne Jürgen Klinsmann. Tun daga wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1990, inda aka kori Pedro Monzón na Ajantina saboda ƙetar da ya yi masa, shi kuma ya yi wata irin birgima a ƙasa, jaridun Ingila suka laƙaba masa sunan "diver". Da Tottenham ta saye shi a 1994, a wasansa na farko da Sheffield Wednesday ya ci ƙwallo, sai ya ruga ya yi sufa a kan ciyawa da ƙirji, abokan wasansa suka bi shi. Wato ya karɓi zagin ya mai da shi wasa. A ƙarshen kakar, marubuta wasanni na Ingila suka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon shekarar 1995.

3.0 "Flop" a Amurka

Amurkawa, musamman a ƙwallon kwando, "flop" suke cewa. Hoton da ke cikinta ya bambanta da na "dive". Mai nutso yana da fasali, ko da ana zaginsa an yarda ya iya. "Flop" kuwa faɗuwar abu ce marar ƙashi, kamar kifin da aka jefo kan tudu yana fal-fal. Raini ya fi yawa a cikinta. Hukumar NBA ta sa kalmar a cikin dokokinta a kakar 2012/2013: karon farko gargaɗi, na biyu tarar dala 5,000, daga nan 10,000, sai 15,000, sai 30,000. A 2023 ta ƙara da hukunci nan take a cikin wasa, inda ake bai wa abokan karawa jifa ɗaya kyauta.

Tarkon da ke nan shi ne, a jaridun Ingila "flop" tana nufin wani abu dabam, wato ɗan wasan da aka saya da tsada bai taɓuka komai ba. Wanda ya ga an rubuta cewa wane "flop" ne a Chelsea, ya fassara shi da mai faɗuwar gangan, ya ɗora wa mutum laifin da ba a zarge shi da shi ba. Dole a fara tambayar daga wace ƙasa rubutun ya fito, kuma a kan wane wasa.

4.0 Harshen doka

A littafin dokokin ƙwallon ƙafa da hukumar IFAB ke fitarwa, kalmar da aka zaɓa ita ce "simulation". Tana ƙarƙashin doka ta 12, a cikin jerin halayen da suka saɓa wa ladabin wasa, kuma hukuncinta katin gargaɗi ne ga wanda ya yi ƙoƙarin yaudarar alƙali ta hanyar nuna ya ji ciwo ko an yi masa ƙeta. Kalmar mai tushen Latin ce, kuma ɗalibin da ya san Faransanci zai gane ta nan take, domin rubutunta ɗaya ne a harsunan biyu. Amfaninta shi ne ta rungumi faɗuwa da ƙaryar ciwo gaba ɗaya. Aibinta kuwa sanyi. Kalma ce da ake amfani da ita wajen gwajin tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ba ta ɗauke da kunya ko kaɗan, kuma ba a taɓa jin taron 'yan kallo sun haɗa baki suna rera ta ba. Abin da suke rerawa shi ne "cheat", wato macuci.

A 2017 hukumar ƙwallon Ingila ta fito da sabon laifi mai suna "successful deception of a match official", ma'ana yaudarar alƙalin wasa wadda ta yi nasara. Ana duba hoton bidiyo bayan wasa, idan yaudarar ta jawo fenariti ko kora, sai a dakatar da ɗan wasa wasa 2. Ɗan wasan gasar Firimiya na farko da dokar ta hau kansa shi ne Oumar Niasse, ɗan Sanagal da ke Everton, bayan wasansu da Crystal Palace a watan Nuwamban wannan shekara. Kalmar "deception" ta fi "simulation" gaskiya, domin ta kira abin da sunansa. Amma zaman "successful" a gefenta yana da ban dariya, kamar hukuma ce ke taya mai laifi murna kafin ta hukunta shi.

Kalmar doka mafi inganci a duk wannan fage tana cikin wasan hoki na ƙanƙara a Amurka ta Arewa, wato "embellishment", wadda asalinta ƙawata abu ne ko yi masa ƙari. Ingancinta shi ne ta yarda cewa abu biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda: an yi wa ɗan wasa ƙeta, shi kuma ya ƙara gishiri. Shi ya sa a gasar NHL alƙali yana iya fitar da su duka biyun na minti 2, mai ƙetar da mai ƙarin gishirin. Harshen ƙwallon ƙafa bai ba da wannan dama sosai ba. A wurinsa ko dai ƙeta ce ko "dive", kuma mafi yawan gardamar da ake tafkawa a rediyo da talabijin bayan wasa daga wannan ƙuncin take tasowa.

Idan aka natsu za a ga cewa ayyuka uku ne ake cakuɗawa. Akwai wanda ba a taɓa shi ba sam ya faɗi. Akwai wanda aka taɓa shi kaɗan ya kambama. Akwai kuma wanda shi ne ya nemi a taɓa shi, ya bar ƙafarsa a baya domin ta sarƙe da ta mai tsaron gida, abin da ake kira "leaving a leg in" ko "trailing leg". Duk ukun ana iya ce musu "dive", kuma duk ukun ana iya ƙin ce musu haka.

5.0 Kamantawa da kambamawa

Wannan sashe ba ya buƙatar dogon bayani, domin adon maganar da ke cikinsa a fili yake. Ana cewa ɗan wasa ya faɗi "like he'd been shot by a sniper", kamar wanda maharbi ya ɗauke daga nesa, ko "like a sack of potatoes", kamar buhun dankali. Sai kuma tarin kalmomin dandamali: "play-acting", "theatrics", da cewa ya cancanci kyautar Oscar. Misalin da ba a mantawa shi ne na Rivaldo a wasan Birazil da Turkiyya na 2002. Hakan Ünsal ya bugo masa ƙwallo ta same shi a ƙafa, shi kuma ya dafe fuska ya zube. Aka kori Ünsal, daga baya FIFA ta ci Rivaldo tara. Birgimar Neymar a Rasha a 2018 ma ta sa sunansa ya zama aikatau na ɗan lokaci a bakin yara.

Wani abin sha'awa shi ne masana ma sun shigo da tasu siffantawar. Paul Morris na Jami'ar Portsmouth da abokin aikinsa David Lewis sun yi nazarin hotunan irin wannan faɗuwa, suka bayyana wani tsayin jiki da suka kira "archer's bow", wato bakan maharbi: ƙirji a gaba, kai a baya, hannuwa a sama, ƙafafu a lanƙwashe. Hujjarsu ita ce mai faɗuwar gaske hannuwansa ƙasa suke nufa don ya tare jikinsa.

6.0 Kalmomin sakayawa

A nan ne gundarin maganar yake. Duk kalmomin da aka ambata a sama na zargi ne, kuma mai saurare yana jin zargin. Akwai wani rukuni da ya fi su yawa a bakin masu sharhi, wanda aikinsa shi ne ya ambaci faɗuwar ba tare da ya ambaci ƙaryar ba.

Mafi sauƙinsu shi ne "he went down". Aikatau ne ƙi-karɓau, bai ce an kayar da shi ba, bai ce ya kayar da kansa ba. Idan aka ƙara bayanau aka ce "he went down easily", an ɗan ɗaga gira ke nan, amma ba a buɗe baki ba. Daga nan sai "there was contact", jimlar da ba ta da aikau kwata-kwata: an sami taɓawa, amma wa ya taɓa wa? Sau da yawa wanda ya faɗin ne ya kai ƙafarsa, jimlar kuwa ta rufa masa asiri. Sai "he felt the contact", wadda ta mai da shi mai karɓa kawai. Sai kuma wadda ta fi su duka ƙarfin hali, "he's entitled to go down", wai yana da haƙƙin ya faɗi. A nan an ɗauko kalmar shari'a an ɗora ta a kan yaudara. Mutumin da ke da haƙƙin faɗuwa yana da zaɓin tsayawa ke nan, wanda kuwa yake da zaɓin tsayawa ba a kayar da shi ba. Jimlar tana tona kanta da kanta, amma yawan maimaita ta ya sa kunne ya daina jin haka.

Haka nan aikatan da ke tafiya da kalmar fenariti. A bisa doka alƙali ne ke bayarwa, shi ya sa ake cewa "awarded". Amma a bakin mai sharhi ɗan wasa ne ke yin "win a penalty", kamar wata gasa ce ya ci. A ƙwallon kwando "draw a foul" ake cewa, wato ya janyo ƙeta, kuma gwaninta ce da ake yabo. Akwai "he bought that one", ya saye ta, da "he gave the referee a decision to make", wai ya bai wa alƙali aikin yanke shawara. A ƙarshen layin sai a ji "clever", "streetwise" ko "professional", wato wayo da gogewa da sanin aiki. Tsakanin "cheat" da "clever" akwai tafiya mai nisa a ƙamus, amma a fili sau da yawa rigar da ɗan wasa ya sa ce kawai ke raba su.

Wannan magana ta riga tana da tarihi. An daɗe a Ingila ana ɗaukar faɗuwar gangan a matsayin cutar da baƙi suka shigo da ita. Tarihin ƙwallon ƙasar bai goyi bayan haka ba. A kakar 1971/1972, shekaru 20 kafin a kafa gasar Firimiya, Francis Lee na Manchester City ya ci ƙwallo 15 da fenariti, da yawansu shi aka yi wa ƙetar, har aka yi masa laƙabi da "Lee Won Pen". Laƙabin wasa ne da yadda jaridu ke rubuta sakamako, kuma ga "won" ɗin nan zaune a tsakiyarsa tun wancan lokaci. A 2012 Michael Owen ya faɗa a bainar jama'a cewa da ya so da ya tsaya da ƙafarsa a fenaritin da ya samo wa Ingila a kan Ajantina a 1998, haka ma na 2002 wanda David Beckham ya ci. A wannan zama kuma ya danganta yawaitar abin da shigowar 'yan wasa daga Kudancin Amurka da Sifen da Italiya. Ba a san Owen da sunan "diver" ba a ƙasarsa. Didier Drogba na Kwaddibuwa kuwa, da ya ce a wata hira a 2006 wani lokaci yakan yi "dive", ko da yake ya janye maganar kafin a tashi daga hirar, an yi shekaru ana tuna masa.

Ba a cewa 'yan Birtaniya ba sa shan wannan suna. Gareth Bale ya karɓi katin gargaɗi sau da dama a kan haka a kakar 2012/2013, Ashley Young ma ya sha suka. Abin lura shi ne abin da ke faruwa idan ƙasa ce ke wasa. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai da aka buga a Wembley a watan Yulin 2021, Raheem Sterling ya faɗi a cikin da'irar Denmak a ƙarin lokaci, aka ba da fenariti, Ingila ta kai wasan ƙarshe. A wajen Ingila an yi ta kiran abin da sunan nutso a harsuna dabam-dabam. A cikin gida kalmar da ta fi fitowa ita ce "soft", wato fenariti mai laushi. Hoton bidiyon ɗaya ne kowa ya kalla.

Wannan ɗabi'a ba ta masu Ingilishi kaɗai ba ce, kowace al'umma tana sassauta wa nata. Dalilin da ya sa ta Ingilishi ta shafi ɗalibin Hausa shi ne, mafi yawan labarin ƙwallon Turai da ake karantawa a gidajen rediyon Hausa daga wannan harshe ake juyo shi, a Nijar da Kamaru da Chadi kuma har da Faransanci. Idan mai fassara bai lura ba, zai kwaso son kan wani ya zuba wa masu sauraronsa a matsayin labari.

7.0 Abin da Hausa ke da shi

Wasannin gargajiyar Hausawa ba su tanadi kalma ga faɗuwa mai riba ba, kuma dalilin a bayyane yake. A kokawa, irin wadda ake gasar takobi a kanta a Nijar tun 1975, wanda ya kai ƙasa shi ne ya sha kaye. A dambe ma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Duk maganganun da suka shafi ƙasa, kamar "ya sha ƙasa" da "an kai shi ƙasa", na hasara ne. Ƙwallon ƙafa ce ta zo da yanayin da mutum zai kwanta ya tashi da riba. Saboda haka juya "dive" kai tsaye zuwa nutso ko tsunduma ba ya isar da komai, mai saurare zai tambayi inda ruwan yake.

Abin da aka fi ji shi ne "faɗuwar gangan" ko "faɗuwar ƙarya", kuma sun wadatar ga "dive" da "flop" da "simulation", domin "da gangan" tana ɗauke da niyyar nan da aka yi bayani a sashe na 2.0. Matsalar ita ce a mai da su hular da za a sa wa kowane kai. Ga wanda aka taɓa shi da gaske amma ya kambama, Hausa tana da kalmar da ta fi ta Ingilishi dacewa, wato "raki". Mai raki ya ji zafi, ba a musa masa ba, amma kukansa ya fi dukan. Wannan ita ce "embellishment", ita ce kuma "he made a meal of it", wadda masu Ingilishi ke faɗa ga wanda ya mai da loma ɗaya akushi guda. "Langaɓewa" ta dace da wanda ya saki jiki da zarar an shafe shi, "birgima" kuma ga irin ta Neymar. Kamancen buhun dankali ba ya buƙatar a ɗauko buhun, amsa-kama ta isa: ya zube yaraf, ya faɗi tim, ya kwanta shame-shame.

Tsarin giredin aikatau ma yana taimakawa ƙwarai. "An ba shi fenariti" ita ce "awarded", alƙali ne aikau. "Ya sami fenariti" ba ta ɗauki ɓangare ba. "Ya samo fenariti", a giredi na 6, ta nuna ya je ya zo da ita, daidai da "won". "Ya nemo fenariti" kuwa ta matsa kusa da "bought", domin mai saurare zai ji cewa da ma abin da ya kai shi cikin da'irar ke nan. Haka kuma akwai bambanci tsakanin "an kayar da shi", "ya faɗi" da "ya zube": ta farko ta kama mai tsaron baya, ta biyu ta yi shiru, ta uku ta fara kallon mai faɗuwar.

Akwai kuma ƙaramar kalmar nan "wai", wadda Ingilishi ba shi da takwararta guda ɗaya. "An taɗe shi" labari ne. "Wai an taɗe shi" labari ne da mai faɗa ya tsame hannunsa daga ciki. Da ita ake iya kawo duk ɗaga girar da ke cikin "went down easily" ba tare da an ƙara jimla ba. Sai dai a yi hattara, domin idan asalin rubutun ya ce "he was brought down", wato an kayar da shi, sa "wai" a fassara ƙarin hukunci ne da marubucin bai yanke ba.

Kalmar da ta fi ba da wahala ita ce "soft". Tun da aka shigo da alƙalancin bidiyo, a kofin duniya na 2018 da gasar Firimiya daga 2019, ta ƙara yawa, domin na'urar tana nuna ko an taɓa mutum amma ba ta nuna ko taɓawar ta isa kayarwa, kuma alƙalin bidiyo ba ya soke hukunci sai kuskuren ya fito fili. "Soft penalty" ita ce wadda doka ba ta hana ba amma zuciya ba ta kwanta da ita ba. "Fenariti mai laushi" ba Hausa ba ce. "Fenaritin banza" ta yi tsauri, domin ta ce babu ƙeta sam. "Fenaritin da ba ta taka kara ta karya ba" ta fi kusa, ko kuma a ce alƙali ya yi araha da fenariti, idan marubucin asali alƙalin yake zargi. Idan kuwa ɗan wasan yake karewa, kamar yadda aka yi a batun Sterling, sai a ce "an ɗan taɓa shi, aka ba da fenariti", a bar "ɗan" ɗin nan ya yi aikin da "soft" ta yi.